Nafas, In Ji Safiya

Tun ranar da kuka ga hotona a waya ina durƙushe bayan wata mace mai riga kamar laima, ku 'yan matan unguwar Hayyin Ashir ta nan Alƙahira kun hana ni sakat. Duk wadda ta tare ni a bakin shagon Sudanawa sai ta ce, "Anti Rabi, ki kai ni wurin aikin nan naki mana, ai sa wa mutum riga ne kawai." To, tunda ba zan iya bin ku ɗaya bayan ɗaya da bayani ba, ga shi na zauna na rubuta. Karatuna bai yi nisa ba, a firamare na tsaya can Funtuwa, wadda ta ga kuskure ta gyara a zuciyarta.

Sunan aikin labbisa, haka Misirawa suke cewa, wato mai sa wa 'yan wasa kaya. Wasan kuma sunansa opera. Wasan kwaikwayo ne, amma ba a magana, komai da waƙa ake yi. Gaisuwa waƙa, faɗa waƙa, mace ta sha guba ta faɗi ƙasa kuma ta ci gaba da waƙa har sai ta ga dama ta mutu. Ba lasifika. Muryar mutum ita kaɗai za ta tashi daga dandamali, ta haye kan masu goge da mai piyano, ta kai kujerar ƙarshe. Ku riƙe maganar rashin lasifikar nan, domin ɗakin da aka gina don murya ta kai ko'ina, tarin labbisa ma yana kaiwa.

Ni ba neman aikin na fito ba. Malam, maigidana, karatun addini ya kawo shi Alƙahira, abin da ake ba ɗalibai kuma ba ya kai mu ƙarshen wata. Sai na samu aikin gida a unguwar Muhandisin wurin Madam Nadiya, wata tsohuwa mai sanda da ta yi waƙa a ƙasashen Turawa tana yarinya. Yanzu a falonta take koyar da murya, tana kuma da 'yar ƙungiya da take kaiwa garuruwa in ana bikin waƙoƙi: Mansura, Iskandariyya, Minya, har Aswan. Ranar farko da na leƙa falon saura kaɗan in yar da bokiti. Ga ƙaton namiji kwance a kan darduma an jera masa littattafai a ciki suna hawa suna sauka. Ga budurwa tana hura tsinken shan lemo a kofin ruwa. Ga wata tana kaɗa leɓe, brrrr, kamar yaro yana kwaikwayon babur. Na koma gida na ce wa Malam gidan masu iska aka kai ni. Ya yi ta min tambayoyi, ina suke sa harshe, ta ina suke jan iska, sannan ya yi dariya ya ce, "Makhraji suke nema, irin namu na tajwidi, hanya ce dai ta raba mu."

Wata riga kore mai ninki-ninki ita ta canja mini aiki. An kawo ta daga wasa a cukurkuɗe, na shimfiɗa ta na bi kowane ninki da bakin dutsen guga, ta ciki, da ƙyalle mai ɗan danshi a tsakani don kada yadin ya yi sheƙi. Ashe Ummu Ashraf tana tsaye a bayana. Ita ce labbisar ƙungiyar tun kafin a haife ni, gajeriya, hannunta kamar na maƙeri. Ta ɗaga rigar ta kai taga ta duba, ta ce, "Wa ya koya miki?" Na ce babata wanki da guga take yi. Ta ce, "Gobe ki ajiye tsintsiya." Malam ya yarda bisa abu biyu: ɗakin mata kaɗai, kuma salla ba ta jiran wasa.

Washegari na yi kwalliya irin tamu, na turare kayana da turaren wuta, na shafa humra, na zuba awarwaro. Ban gama sallama ba Madam ta toshe hanci da gyale ta nuna mini ƙofa da sanda. Hayaƙi da ƙamshi suna kama maƙogwaron mawaƙi, awarwaro kuma ƙara. Wannan shi ne darasi na farko, kuma shi ne inda rabinku za ku faɗi: labbisa ba ta da ƙamshi, ba ta da ƙara. Safa take sawa ba takalmi ba. Hijabi gajere, a cusa shi cikin riga kada ƙugiya ta kama.

Darasi na biyu a jikina aka yi shi. Ummu Ashraf ta sa mini rigar ciki mai igiya a baya, ta ja ta tamke kamar tana ɗaure buhun gero. Ta ce, "Yalla, kira mijinki, yana can ƙarshen titi." Na buɗe baki, abin da ya fito ko kyanwa ba za ta juyo ba. Ta kwance. Ta ce, "Yanzu nafas." Nafas shi ne numfashi. "Ja shi har ƙasa, cika haƙarƙari, riƙe." Ta ɗaure a kan cikakken numfashin, na saki, rigar ta zauna daram, kuma da na kira sai da mai gadi ya leƙo. Mawaƙiya da haƙarƙari da ciki take waƙa, ba da wuya ba. Kika ɗaure ta tana fanko kin kashe mata wasa, kuma ba wanda zai ce laifin riga ne, za a ce muryarta ta mutu.

Kayan aikina duk a jikina suke. Allurai da zarensu a ciki, baƙi da fari, a soke a ƙirji. Fil a jere a bakin aljihu. Ƙaramin almakashi a igiya a wuya, alli, da 'yar tocila da nake riƙewa da haƙori domin hannu biyu ba su isa ba balle ɗaya. In za a canja kaya a tsakiyar wasa, a duhu ake yi, a gefen labule. Rigar da za a sa a ƙasa ake buɗe ta kamar bakin rijiya, mawaƙiya ta fito da gudu ta taka ciki, ki ja sama, ki soma ƙugiyoyi daga ƙasa. Kika tsallake guda ɗaya ba za ki sani ba sai kin kai wuya kin ga gefe ya fi gefe, kiɗa kuma ba ya tsayawa ya jira ki. Bayan wasa ba a wanke irin waɗannan riguna. Ƙyallen hammata ake farkewa a wanke a mayar, rigar a juya ta a rataye a inuwa. Wadda take ƙyamar gumin mutane ta zauna a gida.

Su kansu mawaƙan sai an yi haƙuri da su. Duktura Hala, likitar haƙori ce mai murya ƙasa-ƙasa, ba ta shiga dandamali sai an soma sa mata takalmin hagu. Akwai wadda in ta ga na'urar sanyaya ɗaki kamar ta ga maciji. Dukkansu yansun, wani shayin Misirawa, suke sha mai ɗumi da zuma, kuma ranar wasa ba sa magana, suna ajiyar murya. Nuni kawai, da yatsa, da gira. Na ƙware a wannan yaren har Ummu Ashraf tana cewa ina jin ƙishirwar mutum kafin shi ya ji. Ban san Allah yana shirya ni ba ne.

Shekarar korona ita ce muguwar shekara. Aka ce waƙa tana watsa cuta, aka rufe ɗakunan wasa. Madam ta koma buga sanda a gaban waya tana yi wa ɗalibai tsawa daga nesa. Ni da Ummu Ashraf muka kwashe ragowar yadi muna ɗinka takunkumi muna kaiwa shaguna, har na taɓa ganin direban ƙaramar bas a unguwar Faisal da guntun rigar sarauniya a hanci. Asu ya shiga akwatin rigunan ulu ya yi biki. Ummu Ashraf ta tafi ƙauye wurin ɗanta da niyyar dawowa, gwiwa ta hana. Ta aiko mini da almakashinta. A shekarar na haifi Safiya.

Safiya ta yi zama, ta yi rarrafe, ta yi tafiya, duk a kan lokaci. Magana ce babu. Ta shekara biyu, shiru. Ta shiga ta uku har ta wuce, ko Mama. Ba kuma kurma ba ce, cokali ya faɗi a kicin sai ta juya. Likita ya duba kunne ya ce lafiya, a jira. Malam ya ce yarinyar da ake yi wa Hausa a ɗaki, Larabcin Misira a titi, Larabcin littafi a bakin ubanta, zaɓe take yi. Maƙwabciyata Hajja Batul, Bahaushiyar Sudan, ta ce a nemo ruwan da aku ya sha ya rage a ba ta. Na nemo kuwa, a shagon masu tsuntsaye, mai shagon yana kallona. Safiya ta sha, bakin bai buɗe ba. Nakan laɓe a bayanta in kira sunanta a hankali, ta juyo ta yi mini murmushi, shi ke nan.

Da ƙungiya ta koma wasanni Madam ta kira ni, yanzu ni ce labbisa. Na ce ina da yarinya, kuma ba na iya barinta wurin kowa, domin in an yi mata wani abu da wane baki za ta gaya mini? Madam ta ce, "Ba a kawo yara bayan labule."

Na ce, "Madam, wannan ba ta magana."

Ta daɗe tana kallon Safiya, Safiya tana kallon sandar. Ta ce, "Tamam. Amma ranar da na ji sautinta ana cikin wasa, khalas, ke da ita kun bar nan. Kin ji, ya Ummu Safiya?"

Na ce na ji. Daga ranar na zama mai addu'a biyu. A gida ina roƙon Allah ya buɗe bakinta, a wurin aiki ina roƙon kada ya zama yau. Na yi mata wuri a kwandon kaya ƙarƙashin teburin guga, ƙofar falo a buɗe, tana jin duk darasin da ake yi. In ta motsa sai in ɗora yatsa a leɓe, ta koma ta zauna.

A lokacin ne ake shirya Marina. 'Yar Minya ce, Kirista, babanta mai gidan burodi, siririya kamar ba za ta iya hura fitila ba, amma in ta buɗe baki kofuna suna amsawa a kabad. Ita aka ba babbar mace a wasan, mai mutuwa a ƙarshe. A waƙarta ta ƙarshe akwai wani wuri da kiɗa yake ɗaukewa gaba ɗaya. Nan za ta ja numfashi a natse, sannan ta hau can sama ta daɗe. Marina tsoron wurin take. Ko ta yi sauri ta hau ba iska, ko ta tsaya ta ƙame. Kullum aka zo nan Madam sai ta buga sanda a ƙasa ta daka tsawa, "Nafas!" Wata da watanni ana haka, safe da yamma, har ni da nake guga nakan ji ƙirjina ya buɗe in an zo wurin.

Sai aka gayyace mu biki a Minya, garin su Marina. Tsohon ɗakin wasa ne, ƙarami, ɗakin sa kaya yana can saman bene, don haka canjin ƙarshe dole a gefen labule za a yi shi, dab da dandamali. Bayan la'asar aka sa wasan saboda motar makaɗa za ta koma a ranar. Dangin Marina sun cika gaba, har babanta da ya daɗe yana cewa 'yarsa ta bar burodi ta kama ihu. Ba zan bar Safiya ita kaɗai a bene ba, ba kuma inda zan ajiye kwando. Na ciro zani na goya ta, ƙafafunta suna lilo har cinyata. Duktura Hala ta gan mu ta ɗaga gira. Na ɗora yatsa a leɓe, ta ɗaga kafaɗa.

Canjin ya tafi lafiya lau. Marina ta fito daga koren riga ta taka cikin fara, na raɗa mata ta ja iska, na ɗaure, na bi ƙugiyoyi. Hannunta sanyi ƙalau kamar an ciro daga firji. Na tura ta ta shiga, na sunkuya ina tattara koren.

Waƙa ta yi ta tafiya har aka zo wurin. Kiɗa ya ɗauke. Ta tsagar labule ina hango bayanta, na ga ƙugiyoyin ba su motsa ba, wato ba ta ja komai ba. Ashe idonta ya faɗa kan babanta. Mai piyano ya ɗaga hannu yana jira. Shirun ya wuce yadda aka saba, ya ƙara wucewa.

Sai daga bayana, daidai wuyana, da ɗumin baki da komai, wata murya da ban taɓa ji ba ta ce, "Nafas!"

Ba raɗa ba. Irin ta Madam, da tsawar da komai, sai dai siririya.

Wallahi juyawa na yi ina neman Madam, alhali na san tana can cikin 'yan kallo. Mutanen gaba suka kwashe da dariya, wani yaro ya maimaita. Gadon bayan Marina ya buɗe, na ga yadi ya miƙe a wurin da na bar masa, ta hau. An ce ta hau lafiya, an ce ta daɗe. Ni ban ji ba. Ina zaune daɓas a kan koren riga, abin da Ummu Ashraf za ta yanke mini hannu a kansa, na kwance goyo na juyo da ita gabana ina raɗa, "Me kika ce? Safiya, sake faɗa. Don Allah sake faɗa wa Mama."

Ta kalle ni, ta kalli dandamali, ta ɗora yatsa a leɓe.

Da aka tashi na hau bene na soma naɗe kaya, na ware almakashina da allurai gefe, domin na san sharaɗi. Marina ta shigo da gudu da ragowar hoda a fuska ta ɗauke Safiya tana juyi da ita. Ta ce ita ba ta ma san daga ina aka ce ba, jikinta ne kawai ya ji umarni ya bi. Ana cikin haka muka ji sanda tana hawo bene. Kowa ya nemi abin yi.

Madam ta tsaya a ƙofa tana haki. Ta ce, "Mace tana mutuwa a dandamalina, mutane suna dariya. A Minya. A gaban masu biki."

Na ce, "Ma'alish, Madam, a yi haƙuri."

"Ma'alish! Kin ce mini ba ta magana."

"Wallahi yau ta fara."

"Yau?"

"Yanzun nan. Shi ne na farko."

Ta zo ta zauna a kan akwatin kaya, abin da ba ta taɓa yi ba, ta sa bakin sanda ta ɗaga haɓar Safiya. Ta ce, "Ina da maza masu gemu da na shekara ina koya musu su shigo a kan lokaci." Ta juyo wurina. "Na ce ke da ita. Rabin maganar na janye, rabi yana nan. Wadda take da murya ba ta zama bayan labule sai an ba ta waƙa. Daga yau ba ta ƙara zuwa. Ke kuma wa ya ce ki ware almakashi? Koren nan wa ya zauna a kansa?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Alf mabruk, barka, ya Ummu Safiya. Ki goge shi."

A mota na kira Malam na sa mata waya a baki, na yi lallashi, na yi alkawarin alewa, ta ƙi. Ya ce, "Rabi, kin tabbata ba kunnenki ba ne?" Na ce ya tambayi mutanen Minya.

Yanzu wurin Hajja Batul take wuni in ina aiki, kuma hankalina a kwance, domin ko hararar ta aka yi sai na ji labari da Hausa da Larabci. Hajja tana nan a kan bakanta cewa ruwan aku ne ya yi aiki, jinkiri kawai ya yi. Ni kuma ina neman mataimakiya, gaskiya ne, shi ya sa na rubuta muku wannan. Wadda za ta iya rabuwa da humra, ta riƙe tocila da haƙori, ta ga abin da zai sa ta ihu ta haɗiye, ta same ni ranar Asabar da safarta.

Shi kuwa Malam bai daɗe yana shakka ba. Kwana kaɗan da dawowarmu yana zaune da safe yana bitar karatunsa, ya ɗauko wata doguwar aya yana so ya kai ta ƙarshe da numfashi ɗaya. Muryarsa ta soma siririncewa, jijiyar wuya ta tashi. Safiya tana ƙasa tana wasa da murfin tukunya. Ta ɗauki ludayi ta buga a daɓe.

"Baba! Nafas!"

Ya tsaya inda ya dace a tsaya, ya rufe Alƙur'ani, ya sa hannu ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Da ya buɗe gemunsa a jiƙe yake. Ya ce, "Gaskiyarki, Malama." Ya ja numfashi, ya koma farkon ayar.